Zaren da Na Saki a Abhur

Ni 'yar masunta ce. A ƙasan dam ɗin Kainji na tashi, inda ruwa ke faɗowa yana kumfa, kifi yana taruwa a gindinsa. Mahaifina bai samu ɗa namiji da wuri ba, don haka ni ya riƙa ɗauka a kwalekwale. Na ba jikokina labarin nan a Jidda har ya tsufa a bakina, musamman na wani ƙaton kifi, giwan ruwa, da ya ja mu, ni da mahaifina, tun daga gindin dam har ƙauyenmu ya ɓace mana.

Babbar jikata a nan aka haife ta, har ta shiga jami'a. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta amsa, Larabci ke riga fitowa. Wata rana na kai ƙarshen labarin, sai ta yi dariya ta ce, "Kaka, wannan tatsuniyar ta fi ta Gizo daɗi."

Na ce, "Ƙawata, ba tatsuniya ba ce."

Ta ce, "Tayyib," irin tayyib ɗin da ake ce wa tsoho don ya yi shiru.

Maganar ta tsaya mini a rai. Duk wanda ya taɓa ganina a kan ruwa ya rasu. In yarinyar nan ba ta yarda ba, ranar da aka binne ni an binne har da kogin. Na tasa ubanta a gaba, ɗana da ke aiki a unguwar masana'antu ta nan Jidda, na ce sai ya kai ni teku na kama kifi da hannuna a gabanta. Ya ce gwiwata, ya ce hawan jinina. Na ce ai ba da gwiwa ake jan zare ba. Da ƙyar ya yarda, ya ce sau ɗaya, halas, wato daga shi shi ke nan.

Ranar wata Asabar bayan asuba muka isa Abhur, bakin tekun Jidda, mu uku. Mai jirgin ruwan da zai kai mu dattijo ne, kakanninsa sun zo aikin hajji a ƙafa suka zauna, Hausarsa rabi da rabi. Aka ɗaura mini wata riga mai kumburi a kan abaya, aka zaunar da ni a tsakiya. Da inji ya tashi, jirgi ya ɗaga hanci, iska mai gishiri ta bugi fuskata, sai na ji ƙirjina yana kiɗa. Gidaje suka ja baya, ruwa ya koma kamar an zuba shuni. Ban san ina dariya ba sai da jikata ta juyo tana kallona.

Mai jirgi ya kashe inji, ya yanka koto, ya miƙo mini sanda mai na'ura. Na ce ya ajiye abinsa, ya ba ni zare da ƙugiya da dalma. Ya ba ni, ya ce, "Ya Hajiya, ƙasan nan duk sha'ab ne, duwatsu masu ramuka. In ya ci, ki ja kawai, kar ki tsaya."

Na ce to. Kunnena ya ji, hannuna bai ji ba.

Mu a kogi, babban kifi ba a gardama da shi. In ya ci, sai ka ba shi zare ya gudu, ya gudu, har ya gaji, sannan ka lallaɓo shi. In ka riƙe, ko zare ya tsinke ko kwalekwale ya kife. Haka mahaifina ya koya mini tun ban kai tsawon filafilin tuƙa kwalekwale ba.

Na jefa, dalma ta tafi, ta tafi, ta taɓa ƙasa. Ban daɗe ba aka fizgo ni har kafaɗa. Wallahi nan take shekaruna suka zube. Ya ja, na saki. Ya ja, na ƙara saki. Mai jirgi yana cewa, "La, la, ki ja," ni kuwa ina murmushi, ina cewa a raina bari su ga aiki. Sai zare ya tsaya cak, kamar an ɗaure shi a gindin tsamiya. Na jijjiga, na ja, ya dawo mini sakayau, babu ƙugiya, babu dalma.

Mai jirgi ya duba bakin zaren ya ce, "Ya shige raminsa, dutse ya yanke. Har ɗaki kika raka shi, ya Hajiya."

Jikata ta ce, "Kaka, shi ma na Kainjin haka kika raka shi?"

Ɗana ya dubi rana da ta fara zafi, ya ce, "Inna, ya isa, mu koma."

Na ce, "A ɗaura mini wata."

Wannan karon na naɗa zaren a yatsana manuni, na yi bismilla, na jefa. Muka zauna, jirgi yana lilo, gumi yana bin bayana. Ɗana ya kama kifi biyu ƙanana, ban ko kalla ba. Can sai na ji an taɓa, an sake taɓawa, sannan aka fizga. Hannuna ya so buɗewa da kansa. Na cije leɓe, na damƙe, na ja. Hannu bisa hannu, hannu bisa hannu, zare yana cin yatsana, shi yana neman ƙasa, ni ina neman sama. Ɗana ya miƙo hannu zai taimaka, na ce, "Kar ka taɓa." Jikata ta miƙe tsaye tana buga gefen jirgi, tana cewa, "Yalla, Kaka, yalla, ja shi!"

Daga cikin shuɗin nan wani abu ja ya taso yana juyi. Mai jirgi ya saƙalo shi, ya faɗo a ƙafafuna yana dukan katako, ja wur, da ɗigo-ɗigon shuɗi a jikinsa. Ya ce sunansa najil. Tsawonsa bai wuce kamu biyu ba. Giwan ruwan mahaifina zai haɗiye shi bai sani ba, amma na yi ta kallonsa ina haki.

Jikata ce ta ga jini. Ta kama hannuna, ta zuba ruwan gora, ta goge da bakin mayafinta. Sai ta tsaya. Sabon yankan ya kwanta daidai cikin wani tsohon tabo da ya zagaye yatsan, wanda lalle ya daɗe yana rufewa, ni ma na manta da shi. Ta bi shi da ɗan yatsanta a hankali.

Ta ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Giwan ruwa."

Ta ɗago ta dube ni. Mai jirgi ya tayar da inji, muka juya wajen gari. Ta matso jikina, ba ta saki hannun ba, ta sa baki a kunnena saboda ƙarar inji, ta haɗa Hausarta ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Kaka, a wane gefe kika zauna a kwalekwalen?"

Na ce a baya nake, mahaifina yana gaba. Na faro mata daga inda ruwa ke faɗowa.