Ranar da Baba ya cire hannu daga tire

Jiya a wani gidan abinci a unguwar Al Sabkha ta Dubai na ji wani ɗan kasuwarmu ya kira baƙaƙen fatar Amurka marasa asali. Raina ya ɓaci, na tuna Baba, dattijon da ya riƙe mu a shagonsa na kayan mota a unguwar Ras Al Khor.

Kowace Juma'a Baba yakan sa a kawo tiren shinkafa da nama, ya jawo duk wanda ya yi salla kusa da shi. Wata rana ya jawo wani Musulmi baƙar fata ɗan Amurka. Muka zauna a tabarma, ƙamshin kanumfari ya gauraye da warin baƙin mai. Kamar yadda muka saba, aka tambayi baƙon garin kakanninsa. Ya ce bai sani ba, a jirgin bayi aka kai su, aka canja musu suna. Wani cikinmu ya ce da Hausa, "Ashe marar asali ne."

Baba ya cire hannunsa daga tiren. Bai ɗaga murya ba.

"Kai da ka san garinku, wa ya ce maka ba daga can aka kamo kakansa ba? Turawa sun saya. To, wa ya sayar?"

Ya tura wa baƙon tsokar da ke gabansa, shi kuwa bai ƙara loma ba.

Jiya dariya aka yi, aka ci gaba da ci. Allah ya haskaka kabarinka, Baba, ya ba mu kunya irin taka.