Ranar Da Baƙuwa Ta Ci A Hannuna

Assalamu alaikum ma'aikatan wannan mujalla da masu karanta ta. Na daɗe ina son in rubuto wannan labari, kunya ke hana ni, don na san wasu za su ce dattijo da furfura a gemu ya rasa abin rubutawa sai zancen kare. A lokacin da abin ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai. Na yi shekara goma sha bakwai ina tuƙa kamiyon siminti daga Malbaza zuwa garuruwa, sai idona na hagu ya fara yana, likita ya ce in bar tuƙi. Na koma ƙauyenmu na karɓi garkar albasar da mahaifina ya bari. Mutumin da ya saba a gaishe shi daga ƙasa yana saman mota ya koma duƙe cikin fangali yana cire ciyawa. Zuciyata ta yi ƙunci, abu kaɗan ke fusata ni, kuma duk dariyar da aka yi a majalisa sai in ɗauka da ni ake.

A shekarar awaki da ɓarayin albasa sun dame ni. Wani maƙwabcin garka ya ba ni labarin wani tsohon likitan dabbobi a Birnin Ƙonni da ya yi ritaya, wanda ya kewaye fili a bayan gidansa yana tara karnukan da mota ta buge ko masu su suka yar. Yakan yi musu magani, in sun warke ya ba makiyaya da manoma masu bukatar gadi. Na je cikin sanyi. Na tarar manyan duk an riga an yi alkawarinsu, saura wata karya ja, ramammiya, ta cusa kanta bayan rabin tano, wato gangar ƙarfe, tana rawar jiki. A wuyanta akwai zagayen tabo inda gashi bai sake fitowa ba. Tsohon ya gaya mini a bakin kwalta aka tsince ta da waya ɗaure a wuya har ta shige cikin nama, kuma ya yi wata huɗu kafin ta daina fitsari in ta ga mutum ya ɗaga hannu. Ya ce ba ya son ya ba ni ita, amma da na matsa sai ya kafa mini sharaɗi uku: kada in ɗaure ta, kada in doke ta, in ba ta wata uku ta saba. In na ga ba zan iya ba, in mayar masa da ita, ba zai ji haushi ba. Na ce na yarda. Gaskiya ban saurara ba, lissafin motar komawa nake yi.

Da muka iso gida ta shige ƙarƙashin rumbu, ta yi kwana tara ba wanda ya ga fitowarta, sai dai a tarar kaskon abinci babu komai. Mai ɗakina ba ta so zamanta ba saboda tsarki. Na tambayi limaminmu, ya ce ajiye kare don gadin gona babu laifi, a dai ware mata kwanonta, kada ta shiga ɗaki. Wadda ta kula da ita ita ce mahaifiyata, Inna, tsohuwa ce da ƙafa ta hana ta yawo. Kullum da hantsi sai ta sa a kai mata tabarma kusa da rumbun, ta zauna tana ɓarar wake tana magana ƙasa-ƙasa kamar da mutum take hira, ba ta ko duban wurin. Tana jefa ƙanzon tuwo, yau nesa, gobe kusa kaɗan. Ita ta sa mata suna Baƙuwa. Bayan wata guda Baƙuwa ta fara fitowa ta kwanta taki uku daga tabarmar, ta ɗora haɓa a ƙasa tana kallon hannun Inna. Ni kuwa in ta ji takuna sai ta koma ciki.

Haushi dai ba ta taɓa yi ba. Wata rana ɗan akuya ya kore ta daga kaskonta a gaban baƙi, labari ya kai majalisa. Aka riƙa tambayata ko ni ke gadin karen, wani ya ce direba mai ido ɗaya ya samo kare mara murya. Na yi dariya tare da su, amma maganar ta kwana a raina. Wani abokina ya ce ni na lalata ta da tausayi, kare ba ya zafi sai an ɗaure shi shi kaɗai an rage masa abinci. Na gaya wa Inna abin da zan yi. Sai ta ce, "Ɗan nan, amana aka ba ka. In ta gundure ka, mayar wa mai ita." Na ce mata ba don hira na kawo kare ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda na kama ta. Na san ba zan cim mata da gudu ba, sai na yi yadda na ga Inna na yi. Kwana biyar ina tsugunawa kusa da rumbu da guntun kifi busasshe, ina magana a hankali, ba na dubanta. A rana ta shida da safe ta fito tana jan ciki, ta tsaya, ta matso, ta sake tsayawa, har ta miƙo wuya ta ɗauki kifin daga tafin hannuna. Wannan ne karo na farko da ta ci a hannuna, har ta ɗan kaɗa wutsiya. A daidai lokacin na zura mata sarƙar da na ɓoye a bayana. Kukan da ta yi ban taɓa jin irinsa ba daga bakin dabba. Inna ta juya fuskarta bango. Na ja ta har garka tana turjewa, na kafa turke kusa da wani mangwaro, na ɗaure ta, na ajiye mata kaskon ruwa.

Kwana uku tana can, ba ta yi haushi ba, ba ta kuma ci ɗan abin da nake kai mata ba. A rana ta huɗu na kai buhunan albasa kasuwa, lokacin kuwa zafin bazara ya kai matuƙa. Na ce zan dawo kafin azahar, sai ciniki da hira da tsofaffin abokan tuƙi suka riƙe ni har bayan la'asar. Da na iso na tarar ta yi ta zagaya turken har sarƙar ta nannaɗe, saura kamu biyu. Inuwa ta gusa, kaskon ruwa yana nan cike a inda ba ta iya kaiwa. Tana kwance harshe waje, ido a kafe, tsohon tabon wuyanta ya buɗe ƙudaje na bi. Ƙasar wurin duk ta tone ta da farce wajen kaskon.

Na kwance ta, na jiƙa buhu na rufa mata, na ɗora ta a amalanken jaki zuwa kwalta. Motoci biyu suka ƙi ɗaukata da kare, sai wani tsohon abokin aikina ya tsayar da kamiyonsa. Ya kai mu har Ƙonni. Tsohon likitan ya karɓe ta, ya yi mata allura, ya wanke wuyan, yana ɗiga mata ruwa a baki kaɗan-kaɗan. Sai da ya gama ya dube ni ya ce, "Yaya aka yi ta bari ka sa mata sarƙa?" Na gaya masa gaskiya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To ka ga, abin da ka karya ba ni da maganinsa."

Ta rayu, amma ya ce ba zai sake ba kowa ita ba, ni ma ban roƙa ba. Duk lokacin da na shiga Ƙonni nakan kai dawa da ƙasusuwa in ajiye a ƙofa. Bayan damina Inna ta ce in kai ta ta gan ta. Muka je, aka shimfiɗa mata tabarma, ni na laɓe bayan katanga ina leƙe. Inna ta fara 'yar maganarta ƙasa-ƙasa, can sai ga Baƙuwa ta fito ta kwanta kusa da ita. Tari ya kufce mini. Tana jin muryata ta zabura ta shige bayan tano, ba ta sake fitowa ba har muka tafi. Baƙuwa ta ƙara shekara biyu a gidan tsohon kafin ta mutu, kuma ba ta sake yarda ta ci daga hannun kowa ba, har shi.

Na je wurin liman na faɗa masa komai. Bai sassauta mini ba, ya ce dabbar da ka ɗaure ka hana ta neman ruwa da kanta, Allah zai tambaye ka a kanta, in yi ta istigfari in kuma kyautata wa abin da ke hannuna. Daga nan na fara lura da abin da ban taɓa gani ba a gidana: in na yi sallama hira na mutuwa, 'ya'yana kowa ya nemi abin yi a wani lungu. Na gane ba dabba kaɗai na tsorata ba a waɗannan shekaru. Ina ƙoƙarin gyarawa, kuma alhamdu lillahi su suna da bakin da za su ce sun yafe.

Kira nake ga duk wanda zai ɗauko dabbar da aka taɓa zalunta, kare ne ko jaki ko kyanwa: in ba ka da haƙurin jira, bar ta inda take. Kada dariyar mutane ta sa ka saɓa alkawarin da ka ɗauka, masu dariyar ba wanda ya raka ni Ƙonni. Ni an yarda da ni sau ɗaya, na yi tarko da yardar. Ina roƙon wanda ya karanta wannan ya sa ni a addu'a, don wadda na zalunta ba ta da bakin da za ta ce ta yafe mini.