Ranar da Na Kulle wa Baba Ƙofar Fitilarsa

A lokacin ni mace ce mai ganin babu wanda ya fi ta sanin abin da ya dace da mahaifinta. Ina aikin reno a unguwar Dokki, ina zaune a unguwar Ainu Shams, duk a birnin Alƙahira, kuma ni na ɗauko Baba daga Sudan bayan rasuwar Inna. Baba ya ƙarar da ƙarfinsa yana gadin fanar, wato hasumiyar fitila da aka kafa kan dutse a tsakiyar Bahar Maliya don kada jiragen ruwa su yi karo. Muna yara sai ya yi watanni ba mu gan shi ba, in ya dawo kayansa na warin kananzir da gishiri. Yakan ce tun zamanin da ake juya fitilar da hannu, dokar aikin ɗaya ce: ko ciwo kake, ba ka barin fitila sai wani ya karɓe ka.

A Alƙahira tsufa ya taɓa tunaninsa, har sunana yakan ɓace masa. Amma kullum da la'asar sakaliya sai ya ɗauki tsumma ya hau saman benenmu, ya goge wata tsohuwar fitilar ƙwai, ya kunna, ya zauna yana fuskantar gabas. Shekarun nan ana yawan ɗauke wuta, in unguwa ta yi duhu har murmushi yake. Wata rana ya zame a matakala ya fasa goshi. Tsoro ya kama ni, na sa wa ƙofar saman kwaɗo. Ya roƙe ni, ya ce akwai mutane a kan ruwa. Na ce masa ma'alish, ya yi haƙuri, babu teku a Alƙahira, khalas, magana ta ƙare. Bai yi musu ba, ya dai tambaye ni wa ya karɓe shi. Ni da bakina na ce babu kowa.

Daga ranar Baba bai ƙara cin abincin kirki ba. Magariba na yi sai ya tsaya jikin ƙofar yana salati, ni kuwa na ɗauka rigimar tsufa ce. Sai da ya kwanta ciwon ajali na tuna dokar. Na durƙusa kusa da kunnensa na ce ya huta, na karɓe shi. Ya buɗe ido ya kira sunana daidai, ya tambaya ko na goge gilashin kafin in kunna.

Wallahi ina kewarsa, har warin kananzir ɗin nake nema. Masu jinyar tsofaffi, kafin ku raba su da abin da suka saba, ku tambaye su me suke tsarewa, ku karɓe su. Ni dai har yau da la'asar sakaliya ina hawa saman benen da tsumma a hannuna.