Bindigar da na gyara wa ɗiyata

Shekarar da kamfanin haƙar ma'adinai ya sallame mu a Arlit, na tsinci bindigar wasa a bolar unguwar Turawa. Ba ta harbi. Da na buɗe, cikinta kamar famfon keke ne, matsattsiyar iska ke tura harsashin. Zafi ya busar da robar da ke tare iskar. Na yanko fata daga takalmina, na shafa mai, na sa.

Lokacin tawaye ne, in soja ya ga bindiga a hannu, ba ya tsayawa tambaya ko ta wasa ce. Na fasa gangar jikin, na zura famfon cikin guntun tiyo.

Ɗiyata ta harba ƙwallon dabino, ta turo baki. "Baba, wannan ai ba bindiga ba ce."

Na ce, "Shi ya sa na ba ki."

Yanzu ina garin Tawa, a gidanta. Idona ya tafi, ita ke yi mini jagora.