Agogon Zafin Motar Malam Isuhu

Shekara talatin da ɗoriya ina aikin wayarin mota a Ƙanƙara, ranaku da yawa sun shige mani, amma ranar da Malam Isuhu direba ya shigo garejinmu da ƙananan kwalaye biyu a hannu ba ta taɓa fita raina ba. Tunda shugaban ƙungiyarmu ta masu gyaran mota ya ce kowane dattijo ya ba ku labari ɗaya daga cikin aikinshi, ni wannan zan ba ku, duk da ba labarin da zai ƙara mani daraja ba ne.

Malam Isuhu mutumin Daudawa ne. Yana da tsohuwar mota mai dogon baya, yana jigilar mutane da buhunan masara tsakanin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. A shekarar, bayan an gama girbi, injin motar ya gaji, sai ya sayar da shanun nomanshi biyu ya sayi wani injin ɗan Kwatano. Mijin yayarshi, Alhaji Badamasi, mai sayar da hatsi a Sabuwa, shi ya je har Kano ya zaɓo mashi injin, don ya fi shi sanin 'yan kasuwar can.

Agogon zafin da motar ta zo da shi ya daɗe da mutuwa. Shekaru Malam Isuhu yana tuƙi babu shi. Dabararshi ita ce in ya yi tafiya mai ɗan nisa sai ya tsaya, ya ɗora tafin hannu bisa bonet, ya saurari injin, ya leƙa ruwa. To amma kun san yadda hanyoyinmu suka koma. Babu direban da ke son tsayawa cikin daji, ko shi ya so fasinja ba za su bari ba. Shi ya sa ya sayo agogo biyu na ƙari, ɗaya na zafin ruwa, ɗaya na ƙarfin baƙin mai, ya ce in ɗaura mashi yadda zai riƙa ganin lafiyar injin daga mazauninshi.

Bari in bayyana aikin saboda waɗanda ba ɓangarenmu suke ba. Kowane agogo yana zuwa da sensarshi, wato ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa jikin inji yana jin zafi ko ƙarfin mai, yana aika wa agogon ta waya. Agogo da sensa tare ake ƙera su. In ka haɗa agogon wani da sensar wani, allura za ta motsa, amma abin da za ta nuna ba gaskiya ba ne. Ƙa'idar da ogana ya koya mani ita ce kafin ka ɗaura sensar zafi, ka haɗa ta da agogon, ka tsoma bakinta cikin ruwa mai tafasa. In allura ta kai ɗari, aiki ya yi. In ba ta kai ba, kada ka ɗaura.

Agogon mai na ɗaura shi lafiya. Na ja wuta ta bayan makulli, na sa fis, na ɗaure wayoyi nesa da salansa. Da na zo kan na zafi sai na tarar zaren murɗawa na sabuwar sensar bai dace da ramin da ke jikin injin ba. Abin da ya kamata shi ne in tafi Funtuwa in samo mahaɗi, ko in sa a sassaƙa mani. Kada ku ce mai motar ne ya matsa mani. Shi da bakinshi ya ce in ba ta yiwuwa yau motar ta kwana. Ni ne dai na ga ranar kasuwa ce, motoci uku na jirana. Na zazzage akwatin tsofaffin kaya, na sami wata sensa da zarenta ya shiga daram, na ɗaura. Na tada injin, bayan ɗan lokaci allura ta ɗaga. Na ce mashi an gama. Ruwan gwaji ko ɗorawa ban yi ba.

Ya zauna a kujerarshi yana kallon agogunan biyu kamar wanda aka yi wa albishir. Na nuna mashi cewa muddin allura na tsakanin tamanin da casa'in babu damuwa, in ta doshi ja ya kashe mota.

Bayan mako biyu ya dawo. Ya ce a hawan da ke kafin Faskari yana jin warin zafi, ƙafarshi ma tana jin ɗumi, amma allura ba ta wuce saba'in da biyar. Wannan ita ce damar da Allah ya ba ni in gyara, na yi wasa da ita. Ina ƙarƙashin sitiyarin wata mota, ko fitowa ban yi ba. Akwai mutane zaune a benci, kuma ban so a ji kamar aikina ake tuhuma.

Na ce, "Malam Isuhu, ka sa agogo kuma kana aiki da hanci? Sabon inji ne, fenti ne ke ƙonewa. Ka bi abin da allura ta ce maka."

Ya yi dariya ya ce, "To shi ke nan, Malam Lawal. Ku ne masana."

Daga ranar ya daina taɓa bonet.

Kwana goma ba su cika ba, wata robar ruwa ta tsage a hanyar Sabuwa, ruwa ya riƙa tsiyayewa a hankali. Daga baya ya gaya mani idonshi na kan agogon, allura ta hau tamanin da biyar ta tsaya, wurin da na ce mashi lafiya ne. Injin ya yi ƙara sau biyu ya mutu, da la'asar sakaliya, a inda babu gida ko ɗaya. Mutum tara ke cikin motar, har da mata masu goyo. Da ƙafa suka taka zuwa ƙauyen da ke gaba, kowa na waige. Allah ya tsare, babu abin da ya same su.

Washegari aka jawo motar garejinmu. Mamman bakanike, wanda rumfarshi ke kusa da tawa, shi ya buɗe injin. Tof, wato murfin saman injin, ya lanƙwashe, fistin biyu sun kama. Ya tambayi Malam Isuhu me agogo ya nuna, ya ce lafiya lau. Sai Mamman ya girgiza kai ya ce to lalle injin ya taɓa ƙonewa tun can, aka yi mashi kwaskwarima aka sayar. Ina tsaye a wurin, hannuna cikin aljihu. Ban ce komai ba.

Da wurin ya watse na kwance sensar, na karɓo butar mai shayi, na yi gwajin da ya kamata in yi tun farko. Ruwa na tafasa, allura na nuna saba'in da takwas. Na sake, haka dai. Na daɗe tsugune gaban butar. Sannan na mayar da sensar mazauninta, na ɗaure, na rufe bonet.

Ban san inda shirun nan zai kai ba. Malam Isuhu ya ɗauki maganar Mamman ya tafi da ita Sabuwa. A bakin rumfar Alhaji Badamasi, gaban masu awo da masu dako, ya ce mashi ya haɗa baki da mai inji an cuce shi. Alhaji mutum ne da ake ba amanar hatsi daga garuruwa, maganar ta yi mashi ciwo ƙwarai. Suka yanke gaisuwa. Yayar Malam Isuhu ta rasa inda za ta sa kanta tsakanin miji da ƙane. Malam Isuhu kuma ya koma tuƙa motar wani, damina ta zo babu shanun huɗa. Motarshi na nan gefen gareji, tayoyi sun sace, kaji na kwana ƙarƙashinta. Wata bakwai ina wucewa ta gabanta safe da yamma.

Wata rana da hantsi Malam Isuhu ya zo da mai sayen tsofaffin ƙarafa, zai sayar da motar. Muka gaisa, na tambaye shi mutanen gida. Ya ce an yi sunan jikan yayarshi a Sabuwa makon jiya, bai je ba. Sannan ya ce kafin a ja motar in kwance mashi agogunan in adana, ko Allah zai sa ya sake yin mota, don su kaɗai ne masu kyau a jikinta, kuma aikin hannuna ne.

Nan na kasa. Na ja shi bayan rumfa na gaya mashi komai, da zaren da bai shiga ba, da tsohuwar sensar, da gwajin buta. Bai katse ni ba. Da na gama ya tambaye ni abu ɗaya, wai yaushe na sani. Na ce ranar da aka jawo motar.

Sannan ya ce, "Inji ƙarfe ne, Malam Lawal. Da ka faɗa mani ranar, da na yi fushi kwana biyu na haƙura. Amma ka bar ni na kira mijin yayata ɓarawo cikin kasuwa."

Na ce duk abin da ya yanke na ɗauka, har in sama mashi wani injin. Ya ce ba wannan ya dame shi ba, in dai da gaske nake in shirya gobe mu tafi Sabuwa, in maimaita maganar inda shi ya yi tashi.

Muka je. Na tsaya bakin rumfar hatsi, gaban waɗanda suka ji ta farko, na faɗi laifina da ƙarfi yadda kowa zai ji. Malam Isuhu ya durƙusa ya nemi gafara. Alhaji Badamasi ya saurare mu har ƙarshe, ya sa aka kawo mana ruwa. Ya ce ni ya yafe mani, don ko shi yakan yi kuskuren awo. Sai ya juya wajen ƙanen matarshi.

Ya ce, "Kai ma na yafe, Isuhu. Amma shekara ashirin muna tare. Maganar bakanike ɗaya ta ishe ka ka yarda zan cuce ka. Wannan ba sensa ta yi shi ba."

Muka yi sallama, muka kamo hanyar gida.

Daga baya ni da Mamman mun haɗa hannu mun tada motar, ta koma hanya. Malam Isuhu da Alhaji Badamasi kuma suna gaisawa, suna haɗuwa wurin biki da jana'iza. Amma Malam Isuhu ya gaya mani da can in ya kai lodi Sabuwa cikin gidan Alhaji yake cin abinci, yanzu a zaure ake kawo mashi.

Abin da nake so ku riƙe, ku masu tasowa, shi ne in ka ɗaura wa direba agogo ka karɓe mashi hannu da hanci da kunnen da ya saba aiki da su, ka ba shi allura a madadinsu. Gara ka bar shi babu agogo da ka ba shi mai ƙarya. In kuma direba ya dawo ya ce maka yana jin wani abu, ka fito daga ƙarƙashin mota ka saurare shi, shi ke yini da ita. Kuskure kowa cikinmu zai yi. Amma in wani abu ya lalace a gareji, dole a nemi wanda za a ɗora wa, kuma in mai laifin ya yi shiru, kan wanda ba ya wurin ake ɗorawa. Ranar da Mamman ke magana, Alhaji Badamasi na Sabuwa yana auna masara. Ni ke tsaye a wurin.