Kuben da Sale Ya Ɗinka

Ranar wata Juma'a, mako biyu bayan Hajjin shekarar da aka gama yaƙin duniya na biyu, Baba ya shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu na Makka, ya jera wuƙaƙensa goma sha ɗaya. Baduku ne, jikan Kanawa. Tsofaffin sojoji da suka biyo ta Sudan sukan bar masa makamansu kafin su ɗaura harami, wasu kuma da za su tafi sai su ce ya riƙe. Kowace ya san labarinta. A cikinsu akwai wata ƙirar hannu mai ƙotar ƙaho, wadda ta zo ba kube. Ita nake mafarki.

Ina da shekara tara, amma Baba ya tsallake ni, ya ajiye ta gaban Sale, ɗan ƙaninsa, maraya da muke riƙo. Ya ce masa, “Ya waladi, ɗana, hannunka ya nuna. Ɗinka mata kube, in ya yi kyau taka ce.” Wallahi ranar ko shinkafa ta ƙi wuce mini. Ni da nake tallar ruwa a Mina don in burge shi!

A sana'armu, fata a jiƙe ake ɗinka ta a jikin ƙarfe, sai a shafe ƙarfen da kitse, a bar su kwana uku su bushe tare. Sale ya yi komai daidai, ya tafi ɗebo ruwa. Na zare wuƙar, na goge kitsen tas da gefen rigata, na yayyafa gishiri, na mayar. Da aka zaro ta bayan kwana ukun, tsatsa ta ci bakinta. Baba ya karɓe basillar ɗinki daga hannun Sale, ya ce, “Wanda ya manta kitse bai isa baduku ba.” Sale ya dubi maiƙon da ke rigata, ya dube ni. Daga nan bai sake taɓa fata ba, dako ya yi har ya rasu.

Yau wuƙaƙen suna bango a gidana na unguwar Aziziyya, nan Makka, babu tsakar gida, babu ƙamshin jima. Masu tara irinsu sukan zo kallo, su wuce duk kuben da na ɗinka, su tsaya a kan na Sale suna tambayar wane gwani ne. Har yanzu sai na ji zafi kafin in faɗi sunansa.