Keken Kawu Bitrus a Situdiyo

Duk wanda ya san Kawu Bitrus tela na Tudun Wada ya san ƙafarsa ta dama ba ta zama wuri ɗaya. Ko a coci yake, tana taka keken ɗinkin da babu shi, har benci ya riƙa rawa. Fasto ya taɓa dakatar da wa'azi ya ce, "Bitrus, in ka gama rigar ka faɗa mana mu ci gaba."

Ƙanen mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi. Yakan ce malamansa na waƙa uku ne: mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Kaka, tana niƙa tana rerawa da yaren Waja, Fulanin da suka yi maƙwabtaka da su a ƙauye suna kiran shanu, sai kekensa. Bai iya haɗa baiti ba sai keken yana tafiya, kuma masu kawo ɗinki ne suka sha wuyar abin. Wani malamin makaranta ya taɓa dawo da wando, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

"Baba Bitrus, wannan fa?"

"Baiti na biyu ne ya fi na farko tsawo, Malam. Ya zan yi?"

Da tari ya kama shi, murya ta fara dushewa, sai ya kira ni. "Rifkatu, waƙoƙin Kaka ni kaɗai na rage da su. In na tafi, sun tafi." Ya haura sittin bai taɓa yin faifai ba. Na kai shi situdiyon wani Usman a Barunde.

Usman ya saki kiɗan fiyano. Kawu ya buɗe baki, shiru. Ya sake buɗewa, shiru.

"Ina kekena?"

Haka muka ɗauko keken a a-kori-kura, jama'a na kallonmu. Usman ya ce to, ya taka haka nan. Kai! Kawu ya harare shi kamar ya zagi Kaka.

"Keke ba yadi? An ce maka na haukace ne?"

Dole na kwaso yadin yunifom na makarantar da nake koyarwa. Cikin kwana huɗu aka samu waƙa bakwai da riga goma sha ɗaya. Ta takwas, wadda Kaka ta fi so, tari ya hana a ƙarasa.

Usman, bawan Allah, ya so ya yi mana gwaninta. Mako biyu ya yi yana share ƙarar keken da kwamfuta, ya shimfiɗa fiyano a madadinta. Kawu ya saurara, ƙafarsa ko motsi.

"Wane marayan ne wannan?"

"Kai ne, Baba."

"Ni ban taɓa waƙa ni kaɗai ba. Kada a fitar."

Usman ya ce ya riga ya goge na asalin, sai dai a sake. Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce wa Kawu taurin kansa ne zai binne waƙoƙin Kaka. Ba a sake ba kuwa, don mako uku bayan nan muka binne shi. Maganar nan tana cina har yau.

Bayan an watse zaman makoki, Usman ya zo gida da katin memori a hannu. Ya tsinci kwafin farko a tsohuwar kwamfutarsa. Muka kunna a shagon Kawu, kusa da keken da aka lulluɓe da zani. Ga takun, ga muryar, ga tarin. A tsakiyar ta takwas zare ya tsinke, keken ya tsaya, sai muryarsa cikin tari:

"Rifkatu, miƙo min zaren nan, ban gama ba."

Usman ya tambaya ko ya yanke wurin. Na ce ya bar shi. Haka faifan ya fito, a nan kuma ya ƙare.

Kawu, ka yafe min. Ubangiji ya ba ka hutawa, ya zaunar da kai kusa da Kaka, ta ƙarasa maka waƙar.